Amsa ga ƙanena mai shirin tahowa Amurka: ka binciki gundumar makaranta kafin ka kama haya

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, da fatan Hajiya tana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa jami'ar da ke birnin Kolombus na jihar Ohayo ta ba ka gurbin karatun digiri na uku. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya. Tambayoyi uku ka yi mini. Ka ce wani abokin aikinka ya ba ka shawarar ka kama haya a wajen birni, inda sababbin unguwanni suka haɗe da gonaki, domin ya ji an ce makarantun gwamnati na can sun fi na cikin gari, kuma kana so ka san ko haka abin yake. Ka tambayi nawa ake biya wa yaro a kowane zango, tunda da 'ya'ya uku za ka taho. Sannan ka kawo maganar ɗan marigayi Yaya, ko za a iya turo shi wurina ya yi sakandare kyauta. Na ga ya fi dacewa in rubuta amsar a fili, domin ba kai kaɗai ne daga Kano kake yi mini irin waɗannan tambayoyi ba, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan 'ya'yana suna karatu a irin gundumar da ake kwatanta maka.

Abin da za ka fara cirewa daga ranka shi ne tsarin da muka saba da shi a gida. A Kano firamaren gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma cikin 44 ɗin nan, kuma mutumin Gwale yana iya kai ɗansa makaranta a Tarauni idan akwai gurbi kuma ya ɗauki nauyin kai shi da ɗauko shi. A nan makarantun gwamnati a hannun gundumomin makarantu suke, waɗanda yawansu a faɗin ƙasar ya kai kimanin 13,000, kuma jihar Ohayo kaɗai tana da fiye da 600. Kowace gunduma tana da iyakarta da aka shata a taswira, tana da majalisarta wadda mazauna wurin suke zaɓa, yawanci mutum biyar, su kuma su ɗauki babban jami'in ilimi da ma'aji. Gine-gine da motoci da albashin malamai duk na gunduma ne. Jiha ce take tsara abin da ya wajaba yaro ya sani a kowane aji, ta shirya jarrabawa, ta ba malamai lasisi, gwamnatin tarayya kuwa abin da take sawa a kuɗin makarantu bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba.

Ma'anar wannan a wurinka ita ce, gidan da ka kama shi zai zaɓa wa 'ya'yanka makaranta. Adireshinka ne yake nuna gundumarka, kuma a cikin gundumar ma shi ne yake nuna firamaren da yaro zai shiga. Inda mutane suke ruɗewa shi ne iyakar gunduma ba lallai ta bi iyakar gari ba, balle sunan garin da ake rubutawa a kan wasiƙa. A kewayen Kolombus akwai unguwannin da a mulki suna cikin birnin, amma 'ya'yansu makarantun gundumomin waje suke zuwa, akwai kuma titin da gidajen hannun dama suke wata gunduma, na hagu suke wata. Wannan ya taɓa ni da kaina. A shekararmu ta farko dillalin da ya nuna mana gida ya tabbatar mana cewa yaran za su shiga firamaren da muke hangowa daga ƙofa, muka sa hannu a takardar haya ta shekara guda, sai da muka je rajista aka duba taswira aka ce mana tsallaken titi ne iyaka. Shekara guda cur maiɗakina tana kallon yaran maƙwabta suna tafiya makaranta da ƙafa, namu kuwa suna shiga mota zuwa wata makarantar mai nisa. Saboda haka kada ka yarda da maganar dillali ko mai gida. Ka ɗauki cikakken adireshin ka aika wa ofishin rajista na gundumar, su ba ka amsa a rubuce.

Domin ka gane irin gundumar da muke ciki, ka ɗauka an ce dukkan makarantun gwamnati na ƙaramar hukumar Kumbotso, daga na Mariri da Panshekara har zuwa na ƙauyukan da suke can cikin gonaki, an tattara su a hannun majalisa ɗaya ta mutanen yankin, kuma da harajin gidajensu da gonakinsu ake gudanar da su. Ko ka ɗauki Ungogo, inda Rijiyar Zaki ta cika ta batse da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda harkarsu take cikin birni, alhali kana matsawa gaba kaɗan sai ka tarar da manoma a gonakin kakanninsu. Tamu haka take. A ɓangaren da yake kusa da birni, gonakin da na tarar na masara da waken suya da yawansu sun zama rukunin gidaje, mazaunansu suna fita aiki da safe su dawo da yamma. A ɗaya ɓangaren kuwa sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga komai ba sai rumbunan hatsi na ƙarfe da gidaje jefi-jefi. 'Ya'yan waɗannan da na waɗancan duk a babbar sakandare ɗaya suke haɗuwa, ɗan likita da ɗan mai kiwon shanu a aji ɗaya, kuma kowa da abin da yake so makarantar ta zama.

Maganar kuɗi ce take fito da wannan bambanci fili, kuma ina so ka fahimce ta, domin ita ce take bayyana dalilin da ya sa wata makaranta ta fi wata. Kusan rabin kuɗin makarantu daga jiha yake zuwa, sauran mafi yawansa daga harajin gidaje da filaye da wuraren kasuwanci na cikin gundumar. Inda gidaje suke da tsada, haraji kaɗan yana tara kuɗi mai yawa, inda kuwa babu arziki, ko an tsawwala harajin abin da ake samu ba ya isa. An kai wannan ƙorafi har Kotun Ƙolin Amurka, amma a 1973, a wata shari'a daga jihar Teksas, ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba. A Ohayo kotun ƙolin jiha ta yanke a 1997 cewa yadda ake ba makarantu kuɗi ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, saboda dogaro da harajin gidaje ya yi yawa, kuma har yau ana ta gyara ana ta muhawara. Akwai kuma wata doka ta 1976 da ta hana yawancin harajin da aka amince da shi ta hanyar ƙuri'a ƙaruwa don kawai farashin gidaje ya tashi. Sakamakon haka, duk bayan 'yan shekaru sai gunduma ta koma wurin jama'a ta roƙi ƙari, su kaɗa ƙuri'a su yarda ko su ƙi. Ana lissafin ne da wani ma'auni da suke kira mil, kuma mil ɗaya yana nufin dala 35 a shekara a kan gidan da darajarsa ta kai dala 100,000. Idan aka nemi mil biyar, mai gidan dala 300,000 zai ƙara dala 525 a shekara.

Na halarci wani zaman majalisar makarantunmu da aka yi a kan irin wannan roƙo, a ɗakin karatu na makarantar midil, wato ƙaramar sakandare, bayan sallar magariba. 'Yan majalisar biyar suna zaune a dogon tebur, kowa da kwalin sunansa a gabansa, mu kuma muna kan kujerun yara. Wata mata daga sababbin gidaje ta tashi da takarda a hannu tana rawar murya, ta ce ajin 'yarta a wani ɗakin wucin-gadi yake a bayan makaranta saboda cunkoso, kuma ba za ta yarda a rage malamin kiɗa da na zane ba. Bayanta wani dattijo manomi ya tashi, ya cire hularsa ya riƙe ta a ƙirji, takalmansa da sauran laka, ya ce a wannan gunduma aka haife shi, a makarantar nan ya yi karatu, bai taɓa ƙin biyan haraji ba, amma ba shi ya gayyato masu gina gidajen ba, kuma abin da yake samu ba ya ƙaruwa kamar yadda harajin yake ƙaruwa. Babu wanda ya katse shi. Babban jami'in ilimi yana zaune yana rubutawa, kuma da aka zo kansa sai ya amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya. A wannan karon ƙarin bai samu shiga ba, aka rage zirga-zirgar motocin 'yan sakandare, aka sa wa masu wasanni kuɗi, sai da aka sake kawo shi da ragi sannan ya wuce. A daren nan na tuna firamaren da muka yi a cikin gari, yadda kwano ya yaye a aji biyu aka yi damina guda ba a gyara ba, iyayenmu suna jin zafin abin amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Ban ga wani abu a makarantun nan da ya burge ni kamar yadda mai gida yake iya tsayar da shugaban ilimi ya tambaye shi inda kuɗinsa ya shiga ba.

Kai ba za ka yi ƙuri'a ba, kuma ina jan kunnenka sosai a kan wannan: idan aka miƙo maka takardar rajistar zaɓe a wurin karɓar lasisin tuƙi ko a ko'ina, kada ka cike ta, domin baƙon da ya yi rajista ko ya kaɗa ƙuri'a yana iya rasa zamansa a ƙasar baki ɗaya. Amma zaman majalisar a buɗe yake ga kowa, kuma a matsayinka na uba mazaunin gunduma kana iya zuwa ka saurara, ka nemi izinin magana a lokacin da aka ware wa jama'a.

Game da maganar abokin aikinka, akwai gaskiya a cikinta, amma ba a cika ta ba. Da yawa daga gundumomin gefen birni suna da azuzuwa masu natsuwa, da ɗakunan gwaje-gwaje, da sakamako mai kyau, kuma ma'aikatar ilimi ta Ohayo tana wallafa rahoton kowace gunduma duk shekara da taurari ɗaya zuwa biyar, wanda za ka iya dubawa daga nan Kano a wayarka. Sai dai taurarin nan suna yawan bin arzikin iyayen yara, ba sa gaya maka yadda za a karɓi yaron da ya sauko jiya daga Kano yana jin Turancin littafi amma kunnensa bai saba da lafazin mutanen nan ba. Gundumar cikin birni da waɗanda suke manne da ita sun daɗe suna karɓar 'ya'yan baƙi, musamman Somaliyawa waɗanda suke da yawa ƙwarai a Kolombus, saboda haka sun saba da hijabi da azumi da iyayen da suke buƙatar tafinta. Gundumar da ta nutsa cikin karkara kuwa tana iya kasancewa da malamin koyar da Turanci ga baƙi guda ɗaya tak, yana yawo tsakanin makarantu. A ra'ayina, wanda ya zo karatu da iyali ya fi dacewa ya nemi gunduma irin tamu amma ya zauna a ɓangarenta na kusa da birni, ya samu natsuwar makarantar ba tare da ya yanke kansa daga masallaci da jama'a ba.

Kuɗin zango kuwa babu shi. Daga ajin share fage na 'yan shekara biyar har zuwa aji goma sha biyu, karatu kyauta ne ga duk yaron da iyayensa suke zaune a gundumar, kuma 'ya'yan mai bizar ɗalibi da suka zo a ƙarƙashinsa suna da damar shiga kamar kowa. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta hana jihohi rufe ƙofar makaranta ko da ga yaron da ba shi da takardun zama, balle naka da za su shigo ta hanyar da ta dace. Abin da za ka biya shi ne kayan rubutu da ake ba da jerinsu a farkon shekara, da 'yan kuɗaɗen aji, da na wasanni ga mai so, da abincin rana. Shi ma abincin, ƙarƙashin shirin tarayya da aka kafa a 1946, kyauta ne ga iyalin da samunsu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, da rangwame har zuwa kashi 185, kuma ba a sharɗanta zama ɗan ƙasa. Da alawus ɗin ɗalibi da baki biyar a gida, mai yiwuwa ne ku cancanta, kuma babu abin kunya a cike takardar. Inda za ka ji a jikinka shi ne haya, domin mai gida yana zuba harajinsa a cikinta, kuma gida a gunduma mai suna ya fi tsada. Ka tuna cewa bizar matarka ba ta ba ta damar yin aiki, saboda haka ka yi lissafinka da abin da yake hannunka kawai.

Kafin ka bar Kano ka tattara takardu, domin nemansu daga nan wahala ce. Ana buƙatar takardar haihuwar kowane yaro da fasfonsa, da katin riga-kafi mai ɗauke da ranakun kowace allura, da shaidar zama a gundumar, wato takardar haya da ta kuɗin wuta ko gas da sunanka a kai. Katin riga-kafin nan, wanda iyaye mata suke ajiyewa a ƙasan akwati har ya yi laushi, ka sa a nemo shi tun yanzu, idan ya ɓace a koma asibitin da aka yi allurar a nemi a sake rubutawa, in ba haka ba sai a sake yi wa yaro wasu alluran a nan. Akwai kuma wata takarda da za a ba ku ranar rajista ana tambayar harshen da ake yi a gida. Ku rubuta Hausa, kada ku ɓoye don gudun a raina yaran. Abin da zai biyo baya shi ne a gwada Turancinsu, wanda yake buƙatar taimako a ba shi, kuma wannan haƙƙi ne da ya samo asali daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a kan 'ya'yan 'yan Sin mazauna San Faransisko. Ku ma iyaye kuna da damar neman tafinta a duk taron da ya shafi ɗanku.

Auta mai shekara biyar da ɗan shekara tara ba na jin tsoro a kansu, da shekaru ake ajiye yara a aji, kuma kafin shekara ta zagayo za ka ji sun fi ka lafazin mutanen nan. Hankalina yana kan babbar 'yarka mai shekara goma sha huɗu. Babbar sakandare a nan shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa sha biyu, kuma ba da jarrabawa ɗaya ta ƙarshe irin WAEC ake fita ba. Ana ƙirga darussan da ɗalibi ya kammala ne shekara bayan shekara, a Ohayo aƙalla ashirin, tare da wasu jarrabawowin jiha, kuma makin da ya samu tun daga aji tara yana bin sa har ƙofar jami'a. Saboda haka ka karɓo mata sakamakon kowane zango na ƙaramar sakandare da hatimin makaranta, da bayanin abin da suka karanta a lissafi da kimiyya, domin mai ba ɗalibai shawara ya san inda zai ajiye ta. Yaranmu sukan zo da lissafi mai ƙarfi, amma idan babu takarda sai a sa su a ajin da ya gaza su. Idan ta zauna da gindinta, ka tambayi shirin jihar da ya fara a 2015, wanda yake ba ɗaliban aji bakwai zuwa sha biyu damar ɗaukar darussan kwaleji ba tare da biyan kuɗi ba. Ɗana na fari ya amfana da shi. A irin gundumarmu kuma akwai darussan noma da kiwo da koyon sana'a na gaske, da yara masu kiwon ɗan maraƙi ko tunkiya su kai baje-kolin amfanin gona na yankin, abin da ɗan Kano ba zai ji shi baƙo ba.

Sai maganar nisa, wadda ba a ganinta a taswira. Dokar Ohayo ta wajabta wa gunduma ta ɗauki yara daga ajin share fage zuwa aji takwas idan gidansu ya wuce mil biyu daga makaranta, amma ba ta wajabta ɗaukar 'yan babbar sakandare ba, shi ya sa su ake fara taɓawa idan kuɗi ya yi ƙaranci. A watan Janairu, ƙarfe shida da rabi ta wuce kaɗan, gari bai waye ba, nakan tsaya da 'yata a bakin titi cikin sanyin da hunturun Kano bai kama ƙafarsa ba, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi, har mu hango fitilun doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa daga can cikin gonakin da dusar ƙanƙara ta rufe. Idan ta tsaya sai jajayen fitilu su kama walƙiya, wani allo ya buɗe a gefenta, duk motar da take bayanta da mai tahowa a wannan titin namu ta tsaya cak har yaro ya zauna. Ka riƙe wannan idan ka fara tuƙi, domin wuce ta laifi ne babba. Yaran da suke can ƙarshen gunduma sukan yi kusan awa guda a cikinta. A irin wurin nan babu adaidaita sahu, babu ɗan acaɓa, motar haya ta birni ma sau da yawa ba ta kaiwa. Idan kai kana jami'a da motar gida, aka kira daga makaranta cewa yaro yana zazzaɓi a zo a ɗauke shi, matarka ba ta da yadda za ta yi. Ka sa koyon tuƙinta a cikin shirinka tun daga Kano.

Na san abin da ya fi damun Hajiya shi ne addinin yaran, kuma tana da gaskiya. Makarantar gwamnati a nan ba ta koyar da ibadar kowane addini, kuma tun 1962 aka hana makaranta shirya wa ɗalibai addu'a. Amma yaro da kansa yana da damar yin sallarsa. 'Yata tana yin azahar a wani ɗan ɗaki kusa da ofishin mai ba da shawara, da dardumarta a cikin jaka, kuma hakan ya samu ne saboda na je da kaina na zauna da shugabar makarantar na yi mata bayanin lokutan salla, ita kuma ta saurare ni da mutunci. Zuwa da kai ya fi aike. Hijabi ba a hana shi, har a wasanni, domin bayan an soke sakamakon wata yarinya Musulma a gasar tsere a 2019 saboda ɗankwalinta, jihar ta yi doka a 2022 da ta kare tufafin addini a wasannin makaranta. Wata dokar ta 2024 ta ba kowane ɗalibi kwana uku a shekara na bukukuwan addininsa, saboda haka ranar Sallah ka rubuta musu tun da wuri. Abincin rana kuwa ana wallafa jerinsa na wata guda, ku zauna da yaran ku nuna musu abin da yake da naman alade, ranar da abin ya yi shubuha a ɗaura musu na gida.

Abin da babu wata doka da za ta ba ka shi ne Islamiyya. A Kano yaro yana dawowa daga boko ya ci abinci ya ɗauki allo ko jakarsa ya tafi, unguwa gaba ɗaya tana taya ka tarbiyya, kiran salla yana shigo masa har ɗaki. A nan sai ka tuƙa mota ranar Asabar ko Lahadi zuwa masallaci, kuma duk yadda ka ƙara nutsawa cikin karkara haka tafiyar take ƙara tsawo, har wata rana gajiya ta sa a fara tsallakewa. Akwai shekarar da ɗana shi kaɗai ne Musulmi a ajinsu, kuma shi kaɗai ne baƙar fata. Malamansa sun kyautata masa, amma ya sha tambayoyi, wasu na rashin sani, wasu na cin fuska, kuma akwai ranar da ya dawo ya ce kada a ƙara yi masa Hausa a gaban abokansa. Wannan magana ta daɗe tana yi mini ciwo. Tun daga ranar muka mayar da bayan magariba lokacin karatun Alƙur'ani a gida, muka kuma tsaya a kan cewa a cikin gida Hausa ake yi, kuma alhamdu lillahi yau shi yake kiran kakarsa su yi hira.

Su ma malaman suna da abin da suke jira daga gare ka. Akwai ranakun ganawar iyaye da malamai, akwai shafin intanet da ake sa makin yaro da fashinsa kullum, kuma uban da ba ya zuwa ba ya amsa saƙo ana ɗaukarsa wanda bai damu ba, alhali mu a tarbiyyarmu barin malami da aikinsa girmamawa ce. Zuwa makaranta wajibi ne daga shekara shida zuwa sha takwas, saboda haka ba a ɗauke yaro a tafi gida biki na wata guda a tsakiyar zango. An hana duka a makarantun gwamnati na Ohayo tun 2009, kuma doka ta wajabta wa malami ya kai rahoto idan ya ga tabon duka a jikin yaro ko ya yi zargin ana cutar da shi. Ku tattauna wannan da matarka tun kafin ku taso.

Maganar ɗan marigayi Yaya ita ce ta fi yi mini nauyi, domin kamar yadda kake jin haƙƙinsa a wuyanka haka nake ji. Amma hanyar da kake tunani ba za ta yiwu ba. Karatun kyauta na yaron da iyayensa ko wanda kotu ta ba riƙonsa suke zaune a gundumar ne, kuma riƙo irin namu na zumunci ba ya zama hujja a ofishin rajista. Dokar tarayya ta 1996 ta ce wanda ya zo da bizar ɗalibi ta kansa ba zai shiga firamaren gwamnati ba sam, sakandaren gwamnati kuwa ba zai wuce wata goma sha biyu ba, kuma sai ya biya cikakken abin da gunduma take kashewa a kan ɗalibi ɗaya, wanda a ƙasar nan matsakaicinsa ya haura dala 15,000 a shekara. Shigo da shi da bizar ziyara a sa shi a makaranta saɓa sharaɗin bizar ne, kuma zai iya rufe masa ƙofa nan gaba. Aron adireshi ma ba abin wasa ba ne, domin a 2011 a nan Ohayo an ɗaure wata mata na 'yan kwanaki saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta a wata gunduma. Shawarata ita ce mu haɗa hannu ni da kai mu tsaya masa a gida, ya nemi makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu ko ta Dawakin Tofa, waɗanda tun 1977 suke fitar da likitoci da injiniyoyi, mu ɗauki nauyin littattafansa da malamin da zai ƙara masa lissafi da Turanci. Idan ya gama da sakamako mai kyau, a lokacin ne za a yi maganar jami'a, kuma ni zan ɗauki rabin duk abin da za a kashe.

Yanzu abin da nake so ka yi shi ne, duk gidan da ka gani ya kwanta maka, ka turo mini adireshinsa kafin ka biya ko sisi. Zan tabbatar da gundumar da makarantun da ya faɗa, in je in ga nisansa da jami'a da masallaci da idona, in kuma tambayi ofishinsu malamai nawa suke da su na koyar da Turanci ga baƙi. Makarantu a nan a watan Agusta suke komawa, saboda haka ku yi ƙoƙari ku iso da 'yan makonni a hannu, ku sauka a wurinmu har a gama rajista. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a in Allah ya yarda mu yi maganar yaron.